Teburin Canji na Bakin Tasha

Daga gida, kusa da Kagoma

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin sauka Kaduna lafiya, kin tarar da ƙanwar mamanki da mutanen gidanta lafiya. Allah da ya kai ki ya tsare shigarki da fitarki, ya raba ki da haɗarin hanya da mugun abokin zama da ciwon da ba a san kansa ba. Mamanki tana gaishe ki, ƙanenki Luka ma haka.

Da Hausa nake rubuta miki, don harshenmu ban taɓa koyon sa shi a takarda ba. Hausar tawa ta kasuwa ce da ta coci, inda ta karkace ki miƙe ta da kanki. Bayana ba ya barina in daɗe a zaune, saboda haka kaɗan kaɗan nake rubutun, in tashi in dawo. Idan kin ga na maimaita magana ki yi haƙuri.

Kwana kaɗan kafin ki tafi, muna cin tuwo, kika ce kin ji ana cewa gwamnati za ta janye takardar sule biyar ta buga ta ƙarfe, don takardar tana saurin yagewa. Luka ya ce, "To, kasuwar Baba za ta dawo ke nan." Kuka yi dariya, ni kuma na wanke hannu na fita. Mamanki ta ce kin tambaye ta ko fushi na yi. Ba fushi ba ne. Na taɓa jin wannan magana, ita ce ta cinye mana awaki da rabin gona da zangon karatunki guda. Kina makarantar kwana a lokacin, ƙarshen abin kawai kika gani. Yanzu da za ki zauna a bayan akwatin kuɗi a kanti, kuɗin mutane yana bi ta hannunki safe da yamma, gara ki ji shi daga bakina tun daga farko.

Shekarar da aka kawo naira da kwabo aka kawar da fam, ni manomi ne kamar ubana. Muna da gonar citta ta gefen rafi, da 'yar gonar doya a bayan gida, da tudun nan mai duwatsu inda muke watsa acca. Ba mu da yawa, amma ba mu taɓa auna hatsi a kasuwa ba.

Sabon kuɗi ya zo da wahalar lissafi, wannan mun yi maganinta da kanmu. Kwabo goma muka ci gaba da ce masa sule, kwabo biyar sisi, takardar kwabo hamsin kuma sule biyar, har yau haka muke faɗa. Wahalar da ta fi ita ce rashin canji. Takarda ta iso ko'ina, ƙarfe bai iso ba. Tsohon ƙarfen ana ta kwashewa, sabon kuma ya tsaya a birane. Mutanenmu kuwa ba sa son takarda. Mace za ta ƙulle ta a bakin zane, gumi ya jiƙa ta, ruwa ya dake ta a hanyar kasuwa, ta kwance ta same ta kamar dafaffen ganye. Ta miƙa wa mai gishiri, ya ce lamba ta goge, ba ya karɓa. Matan Fulani masu nono kam ko kallonta ba sa yi. A ba su ƙarfe, ko su ɗauki ƙwaryarsu su yi gaba.

Wata rana na kai citta Kafanchan, aka biya ni duka da takarda. Na zaga kasuwa ina son gishiri da kananzir da sabulu, duk inda na tsaya sai a ce ba canji. Wani ya nuna mini gindin bishiya a bakin tashar jirgi. Na tarar da wani Bahaushe mai suna Malam Iro zaune a bayan ɗan tebur, ya jera sulalla layi layi. Na ba shi takardar sule biyar, ya ba ni sule huɗu da sisi.

Na ce, "Malam, saura sisi."

Ya ce, "Sisin nan shi ne ladan zamana a nan tun safe."

Na karɓa na koma gefe ina kallo. Mutane sai zuwa suke, yana karɓar takarda yana miƙa ƙarfe yana riƙe sisinsa. Na ce a raina, abin da nake samu in na kwana bakwai a duƙe, wannan yana samunsa a zaune a inuwa. Da mutane suka ragu na matsa na tambaye shi yadda ake shiga sana'ar.

Ya dube ni ya ce, "Kana da gona?"

Na ce ina da ita.

Ya ce, "To ka riƙe ta. Da ina da ita ba za ka same ni a nan ba."

Na ɗauka tsoron kishiya a kasuwa yake yi, shi ya sa yake kore ni. Yini ɗaya na ga mutum, na yanke hukunci a kan rayuwarsa duka da tawa. Ban gan shi da damina ba, ban gan shi ranar da ba ciniki ba, ban san inda yake kwana ba. A Kaduna za ki ga 'yan mata tsaranki da takalma masu kyau da jaka a kafaɗa, ki ji kamar ke ce kawai a baya. Kada ki canza hanyarki don abin da kika gani da rana. Kuma idan wanda yake cikin abu ya ce miki kada ki shiga, ki fara zaton gaskiya yake faɗa kafin ki yi zaton hassada.

Na dawo gida na gaya wa mamanki zan bar noma in kama canji. Tana tsince wake, ba ta ɗaga kai ba.

Ta ce, "Baban Rifkatu, ƙarfen nan kai kake buga shi?"

Na ce a'a, gwamnati ce.

Ta ce, "To ranar da suka buga da yawa fa?"

Na ce mata ba ta san yadda kasuwa take ba. Ita da take zuwa kasuwa tun tana goye a bayan uwarta. Kin san mamanki, magana ɗaya take yi ta bar mutum da ita.

Gonar doya da tudu ta ce za ta iya da su. Ta gefen rafi ta fi ƙarfin mace ɗaya, sai na kira Baba Dauda, ɗan wan ubana, wanda muka tashi tare kamar uwa ɗaya ta haife mu. A tsaye muka yi maganar, a kan hanya. Na ce masa, "Yaya, ka riƙe gonar nan, ni na gama da fartanya." Ya ce to, zai riƙa ba ni wani abu daga cittar. Ba mu kira dattijo ko ɗaya ba, ba mu faɗi shekara nawa ba. Na ga kamar zagi ne in kira shaida tsakanina da ɗan'uwana. Za ki ji abin da wannan ya jawo. A nan dai ki riƙe wannan: duk abin da za ki ba wani ko ki karɓa daga hannunsa, ki faɗa a fili ko aro ne ko kyauta, kuma wani na uku ya ji. An fi bukatar shaida tsakanin masu ƙaunar juna, don su ne ba sa iya kai juna ƙara, sai dai su daina gaisawa.

Na kama ɗaki a Kafanchan, na sa kafinta ya buga mini tebur, na sayi keke. Aikin ba zama a inuwa ba ne kamar yadda na zata. Kafin ka sayar da ƙarfe sai ka nemo shi. Ina bin yaran mota a tasha, da masu tuyar ƙosai, da masu burkutu, da makafin bakin kasuwa, in ba su takarda su ba ni ƙarfe. Babban wurin samu kuwa coci ne. Baikon ranar Lahadi duk ƙarfe ne, ma'aji kuma murna yake a sauke masa nauyi. Ranar Litinin ina zaga coci coci, har da namu na gida, in bar musu takarda daidai da abin da na kwasa. Daga nan in ɗaure buhu a bayan keke, yau kasuwar Zonkwa, gobe Zangon Kataf, jibi tamu ta Kagoma. Ba ki san nauyin kuɗi ba sai kin tura shi a hawan dutse. Ciwon bayan nan a can na samo shi. Hannuna kuma komai wankin da na yi, ƙarfe yake wari, har a tuwo nake jin sa.

Amma an samu, ba zan ɓoye ba. Kwanon da ke kan ɗakinmu daga nan ya fito, da rediyo, da akwatin ƙarfen da kika tafi da shi makaranta. Na fara sa takalmi ranar da ba Lahadi ba. Mutane suka daina ce mini Habila, suka koma ce mini Mai Canji, ni kuma ina jin daɗin sunan.

Kin tuna Kaka Kande, tsohuwar da take zama a layin gaba a coci, wadda ɗanta soja ne? Wata ranar kasuwa a Kagoma ta zo teburina da takardar sule biyar da ɗan ya aiko mata. Takardar ta sha hannu, ta yage ta gefe, an liƙe ta da ƙullun rogo. Na juya ta na ce wannan sai dai sule huɗu, don ni ma da ƙyar za a karɓa a hannuna. Ta tsaya tana duban sulallan da na jera.

Ta ce, "Ɗana, ba baikonmu ne wannan a gabanka ba? Ranar Lahadi na ba Ubangiji kyauta, yau kana sayar mini da shi."

Akwai mutane a wurin, na ji kunya, kunyar ta fito da kaifi. Na ce, "Kaka, nan kasuwa ne, ba coci ba."

Ta ɗauki takardarta ta ƙulle a bakin zane ta tafi, ba ta sayi abin da ta zo saya ba.

Dattawan ikilisiya suka kira ni bayan sujada. Na shiga da lissafina a baki. Na ce coci ya yi asarar kwabo ɗaya? Suka ce a'a. Na ce na tilasta wa wani ya zo teburina? Suka ce a'a. Ɗaya daga cikinsu, wanda ya yi mini baftisma tare da fasto, ya ce a hankali, "Habila, ba mu ce ka yi sata ba. Ka je ka gai da tsohuwar nan kawai." Na ce ban yi laifin da zan je ba, na tashi na fita. Na daɗe ban taka cocin ba, na bar wurina a cikin mawaƙa. Kaka Kande ta rasu da daminar da ta biyo baya. Ina cikin waɗanda suka haƙa mata kabari, gaisuwar da na yi mata ke nan.

Rifkatu, lissafina daidai ne a ranar, amma bai amfane ni da komai ba. A kantinku za a kawo miki yagaggiyar takarda kullum. Masu kawo ta ba manya ba ne, manya sabuwa ake ba su a banki. Masu kawo ta su ne masu dako da masu wanki da tsofaffi, waɗanda kuɗin ya daɗe a jikinsu kafin su iya rabuwa da shi. Ki tambayi maigidanki mai kantin tun yanzu wace iri yake karɓa, wace iri ba ya karɓa, kada ki yi masa asara. Amma idan za ki ƙi, ki ƙi da murya ƙasa, kada layi ya ji. Idan kuma kin ji kunya ta kama ki a gaban mutane, ki rufe baki tukuna, a lokacin ne harshe ya fi yanka. Wanda ya girme ki ya ce je ki gai da wane, ki je. Ba a rage wa mutum komai a gaisuwa.

Yanzu na zo kan maganar da ta fitar da ni daga cin tuwo.

A cikin motar Zonkwa na ji ta, ranar da kekena yake wurin gyara. Wani mutum mai agogo ya ce surukinsa yana aikin banki a Ikko, ya tabbatar masa an gama shiri, za a janye takardar sule biyar a mai da ita ƙarfe, za a ba da 'yan makonni kawai kowa ya fitar da tasa. Ban san sunan mutumin ba, ban ƙara ganinsa ba. Amma na sauka motar nan kaina yana zafi. Na ce ranar da aka yi shela, duk mai takarda a ƙauye zai fito da gudu, banki yana da nisa, wa za su samu in ba ni ba? A ranar ba sisi zan riƙe ba, abin da na ga dama zan faɗa. Abin da ya rage shi ne in tara ƙarfe kafin wasu su farga.

Na fara saye ba ji ba gani. Yaran mota suka gane ina nema, suka fara cewa sai na ɗora musu wani abu a kai, na ɗora. Ni da nake karɓar la'ada na koma biyan ta. Kuɗina ya ƙare, na sayar da busasshiyar cittar da Baba Dauda ya ba ni tun kafin ta yi daraja. Na zo gida na kama awakin mamanki. Nata ne, daga 'yar akuyar da uwarta ta ba ta ranar aurenmu suka yaɗu. Ta tsaya a ƙofar garke ta ce, "Ka bar mini uwar ko ita kaɗai." Na ce nan da wata biyu zan saya mata saniya. Na tafi da su duka. Daga baya na ɗauki kuɗin makarantarki da muka ware a cikin gwangwani, na ce aro ne na 'yan kwanaki.

Na cika garewanin kananzir da ƙarfe na tura ƙarƙashin gado a ɗakina na Kafanchan. Na rage zuwa kasuwannin ƙauye don kada kayan ya ragu. Kullum da la'asar ina gaban rediyo ina jiran shela.

Shelar ba ta zo ba. Abin da ya zo daban ne. Aka ƙara wa ma'aikatan gwamnati albashi, aka biya su na baya a dunƙule. Kafanchan garin ma'aikatan jirgi ne, sai ga gari ya cika da sababbin takardu, wannan ya sayi babur, wancan ya sayi rediyo mai faifai. Farashin komai ya tashi. Abin da sisi yake saya jiya, yau sai sule. Mutane suka daina tsayawa jiran ƙaramin canji, rabin kwabo kuwa ko yara ba sa duƙawa su ɗauka. A cikin haka kuma banki ya samu akwatunan sabon ƙarfe, duk mai so ya je ya karɓa ba la'ada. Abin da mamanki ta tambaye ni tana tsince wake, shi ne ya faru.

Malam Iro ya naɗe teburinsa ya koma sayar da goro. Ranar da zai tashi ya zo wurina ya ce, "Habila, kasuwar nan ta mutu. Ka tashi tun kana da abin tashi." Na ce masa ina jiran wani labari. Ya girgiza kai ya tafi.

Kuɗin yana nan a garewani, ba ɓarawon da ya taɓa shi, amma ya rame a inda yake. Abin da na sayar da awaki duka a kansa, bai ƙara iya sayen rabinsu ba. Ko maganar takardar nan gaskiya ce a wannan karon, ban sani ba. Mai yiwuwa wata rana a yi, don takardar ta zama tsumma, ƙarfe kuma ya fi dacewa da hannun talaka. Idan an yi, maigidanki zai gaya miki, rediyo zai faɗa, ki karɓi abin da aka ce a karɓa. Amma kada ki ɗora ko kwabo ɗaya a kan maganar da aka ce wani ya ce surukinsa ya ce. Abin da aka ware don wani abu, kada ki ce masa aro na 'yan kwanaki, musamman kuɗin akwatin kanti. Duk wanda na sani da ya faɗi, da wannan kalmar ya fara. Kuma ranar da Allah ya ba ki miji, abin da yake naki ki riƙe shi, abin da yake nasa kada ki ɗauka yana roƙonki ki bari. Mamanki ta yafe mini, amma har yau idan akuyar maƙwabta ta shigo gida takan daɗe tana kallonta kafin ta kore ta.

Aka koro ki daga makaranta, kika yi zango guda a gida kina daka da ɗiban ruwa. Ba ki tambaye ni dalili ba ko sau ɗaya. Mamanki ta roƙi matar fasto ta sa baki, aka bar ki ki koma a kan za a biya kafin wata ya ƙare. Sai a lokacin na jawo garwa daga ƙarƙashin gado. Ya kamata in bi ta banki in mai da shi takarda, amma akawunan can sun san ni, sun san abin da na tara, ban iya tsayawa a gabansu ba. Na juye a buhu na ɗora a kai, don ƙafar keken ta karye tun tuni.

Akawun makaranta ya buɗe buhun ya dube ni, ya ce shi ba zai ɓata yininsa a kan wannan ba. Na roƙe shi. Daga ƙarshe ya ce in zauna a baranda in jera masa naira naira. Na zauna a ƙasa ina jerawa. Aka kaɗa ƙararrawar abinci, 'yan mata suka fito suka kewaye ni suna dariya a ɓoye. Na ji wata tana tambaya, "Baban wa ne wannan?" Na ɗaga kai na gan ki a jikin bangon ɗakin cin abinci, da kwanonki a hannu. Kika sunkuyar da kai kika zaga ta baya.

Ban kira ki ba, kuma ban taɓa riƙe ki da wannan ba. Na faɗa ne don na lura tun daga ranar ba kya iya duban idona sosai, kina zaton kin yi mini laifi. Ba ki yi ba. Yarinya ce ke, ni na kai kaina barandar nan. Ki sauke wannan daga ranki, kada ki ɗauke shi zuwa Kaduna.

Kuskuren da ya fi cin mu shi ne na ƙarshe, kuma shi ne wanda ba a ganinsa kamar kuskure. Bayan duk wannan ban dawo gida ba. Ruwa ya sauka, mutane suka fita gona, ni ina zaune a bakin tasha a bayan tebur, ina cin ragowar ƙarfen kaɗan kaɗan. Wani yinin ba mai tsayawa sai mai tambayar lokacin jirgin Jos. Na kasa tunanin shiga ƙauye da tebur a kai, mutane suna cewa ga Mai Canji ya dawo. Kullum ina ce wa kaina bari in ga mako mai zuwa.

A wannan daminar mamanki ta fara kawo itace Kafanchan a kai, don ku ci ke da Luka. Hanyar masu itace ta gaban tasha take bi. Ina ganinta tana wucewa ta ɗaya gefen titi, fuskarta a gaba, kamar ba ta san wurin ba. Na zaci fushi ne. Daga baya ta gaya mini ba ta so abokan zamana su ga matata da itace a kai ne, su raina ni.

Wata rana, damina ta yi nisa, ta tsallako titi. Ta jingina itacen da bishiya, ta zauna a kan dutse kusa da ni tana share gumi da gammo.

Sai ta ce, "Baban Rifkatu, ba wanda yake maganarka a gida kamar yadda kake zato. Kowa yana da abin da ya dame shi."

Na dubi sulallan da ke kan tebur.

Ta ce, "Ka ɗauko teburin. Ina bukatar wurin ɗora tukwane."

A ranar na bi ta. Ni da tebur, ita da rediyo da tabarma. Gaskiyarta ce kuma. An yi maganata kwana biyu uku, saniyar wani ta shiga gonar wani, aka koma kan wannan aka manta da ni. Abin da na ɓata damina guda ina tsoro bai kai ciwon haƙori ba.

Amma daminar ta riga ta tafi da abin da za ta tafi da shi. Tun farkon ruwa Baba Dauda ya gaya wa mamanki, in zan dawo in dawo, ya sakar mini gonar. Ta aiko mini da saƙon, na ce ina zuwa. Da ya ga ban zo ba, ya dasa lemu a gefen rafi, ya fara gina wa ɗansa ɗaki a bakin gonar. Da na je masa da maganar, ya ce, "Kai da bakinka ka ce ka gama da fartanya." Dattawa suka zauna, suka tambaya aro ne ko kyauta, wa ya ji? Ba wanda ya ji. Suka raba gonar, ya riƙe gefen ruwa, aka ba ni na sama. Ban ce ya zalunce ni ba, ya jira iyakar jiransa. Muna gaisawa a coci yanzu, amma rabon da mu ci a kwano ɗaya tun lokacin. Idan kin zo hutu ki je ki gaishe shi da kyau, abin da ke tsakaninmu ba naki ba ne.

Na gaji, 'yata. Abin da ya rage kaɗan ne. Albashinki na farko kada ki aiko mana, ki sayi kwaɗo mai kyau da bargo da takalmin da ba zai ci miki ƙafa ba, tunda a tsaye za ki yini. Ki nemi coci tun Lahadin farko, ki bari zumuntar mata su san fuskarki, don ranar ciwo su ne za su zo. Ki yi wa ƙanwar mamanki aikin gida kamar 'yarta, kada ki jira a ce miki.

Ba na fatan komai ya lalace miki. Amma na zauna a duniya na ga abu yana lalacewa ba da laifin mutum ba, wani lokaci kuma da laifinsa. Idan ranar ta zo, ko kantin ya rufe, ko an sallame ki, ko kin yi kuskuren da kike jin ba ya faɗuwa, kada ki zauna a Kaduna kina jiran mako mai zuwa. Kada ki tsaya sai kin tara abin da za ki riƙo a hannu. Ki shigo jirgi ki sauka da rana tsaka, kowa yana gani. Accar tudu tana isar mutum huɗu. Ni zan zo in ɗaukar miki akwati, kuma ba zan tambaye ki komai a hanya ba.

Ubangiji ya yi miki albarka, ya sa ki sami tagomashi a wurin maigidanki da abokan aikinki. Ya tsare hannunki daga abin da ba naki ba, ya tsare ƙafarki a titunan birni, ya ba ki barci mai daɗi da lafiyar tashi. Muna sa ki a addu'a kowace safiya kafin mu fita gona. Alherin Yesu Almasihu ya kasance tare da ke har mu ga juna.

Ni ne babanki,
Habila